Allura ɗaya, jini dabam-dabam: abin da Jason Roberts ya sauya a sashen kulawa ta musamman

A sashen kulawa ta musamman na asibiti, inda ake kwantar da waɗanda ke rai kwakwai mutu kwakwai, akwai wani ɗan aiki da ake maimaitawa sau uku a rana har ido ya saba da shi. Nas za ta narka giram 1 na meropenem, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ƙaramar ledar ruwa, ta rataye, ta haɗa da jijiyar majinyaci, ta saita na'ura. Cikin minti 30 leda ta ƙare. Sai kuma bayan awa 8. A takarda an rubuta cewa an ba da magani, kuma gaskiya ne an bayar. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne nawa ya rage a jinin wannan mutum a awa ta biyar ko ta bakwai, alhali ƙwayar cutar tana nan ba ta je ko'ina ba.

Wannan tambayar ce Jason Roberts ya shafe kusan shekara 20 yana bin diddiginta. Shi ba likita ba ne. Masanin harhaɗa magunguna ne, wato famasist, a asibitin Royal Brisbane and Women's da ke Birisben a ƙasar Ostiraliya, kuma farfesa ne a Jami'ar Kwinsland. Da shi da Jeffrey Lipman, likitan sashen kulawa ta musamman a wannan asibiti, da ɗalibansu da abokan aikinsu, sun wallafa ɗaruruwan maƙaloli da yawancinsu ke zagaye abu ɗaya: adadin maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta a kwali an auna shi ne a jikin masu lafiya ko masu ciwo mai sauƙi, kuma jikin wanda ke bakin gaɓa wani jiki ne dabam.

Kafin a fahimci nauyin wannan aiki, ya kamata a san yadda aka yi famasist ya zo bakin gadon majinyaci tun farko. Da can wurinsa ɗakin magani ne, likita ya rubuto shi kuma ya ɗauko. A 1999 Lucian Leape da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike a mujallar JAMA, inda aka sa famasist ya riƙa bin likitoci zagayen duba marasa lafiya a wani sashen kulawa ta musamman a Amurka. Illar magani da ake iya kauce wa, wadda ke tasowa daga kuskuren rubutawa, ta ragu da kashi 66 cikin 100. Shawara 366 famasist ɗin ya bayar, likitoci suka karɓi 362. Wannan bincike ya buɗe ƙofa, amma matsayin da ya ba famasist na mai gadi ne, mai tare kuskure kafin ya isa jijiya. Roberts da tsararsa sun ƙara taku ɗaya. Sun ce ko da ba a yi kuskure ba, ko da an bi littafi harafi da harafi, majinyaci na iya kwana da maganin da bai ishe shi ba.

Dalilin yana cikin yadda magungunan ke kisa. Wasu, irin su jentamaisin, ƙarfin bugu suke so: gwargwadon yadda suka yi sama a jini lokaci guda, gwargwadon yadda suke kashe bakteriya, shi ya sa aka fi ba da su sau ɗaya a rana. Dangin fenisilin kuwa, waɗanda ake kira beta-laktam, har da meropenem da fiferasilin, halinsu dabam ne. Kowace ƙwayar cuta tana da wani mafi ƙarancin adadin magani da ke hana ta hayayyafa. Muddin maganin da ke jini ya haura wannan layi, yana aiki. Idan ya ninka layin sau huɗu ko biyar, ƙari bayan nan ba ya ƙara wani kisa na a zo a gani. Da ya sauko ƙasa da layin kuwa, ragowar ƙwayoyin sai su farfaɗo. Abin da ya fi muhimmanci ke nan shi ne tsawon lokacin da magani ya yi a saman layi. Harry Eagle ya hango haka a kan fenisilin tun wajen 1950, daga baya William Craig na Jami'ar Wiskonsin ya tabbatar da shi dalla-dalla a gwaje-gwajen ɓeraye.

To, ga lissafin da ke tayar da hankali. A jikin mai lafiyar ƙoda, meropenem yana raguwa da rabi cikin kusan awa ɗaya. Bayan awa biyu saura kashi ɗaya bisa huɗu, bayan uku ɗaya bisa takwas. Kafin awa 8 ta cika a rataye sabuwar leda, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin 250 na farko ba. Idan ƙwayar mai saurin mutuwa ce, wannan ma ya wadatar. Idan mai taurin kai ce, irin wadda ke yawo a sassan kulawa ta musamman, an bar ta ta yi awanni tana hutawa.

Wannan duk a jikin da ke aiki daidai ne. Sefsis, wato yanayin da jiki ke mayar da martani ga ƙwayar cuta har ya fara lalata gaɓoɓinsa da kansa, yana birkita lissafin gaba ɗaya. Ba ƙaramin ciwo ba ne: wani ƙiyasi da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020 ya nuna mutum miliyan 48.9 suka kamu da shi a 2017, miliyan 11 suka rasu, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya. A cikin sefsis ƙananan jijiyoyi kan fara yoyo, ruwa ya tsiyaye daga jini ya shiga tsoka, jiki ya kumbura. Likitoci kuma dole su ƙara lita-lita na ruwa don hawan jini kada ya faɗi. Beta-laktam magani ne mai bin ruwa, duk inda ruwa ya je sai ya bi. Ɗigon tawada a kofi da ɗigon tawada a bokiti ba launi ɗaya suke bayarwa ba.

Mu ɗauki gado biyu kusa da juna. A na farko matashi ne ɗan shekara 25 da ya yi haɗarin mota, aka yi masa aiki, yanzu huhunsa ya kamu, yana kan na'urar taimakon numfashi. A na biyu dattijuwa ce mai shekara 75 da ciwon ya taɓa ƙodarta, fitsari ya ragu. Ita kowa ya san a yi hattara, domin ƙodar da ta gaza ba ta fitar da magani, yana taruwa, kuma wasu daga dangin nan, musamman sefefim, idan suka taru suna taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya rikice ko ya yi jijjiga. Littattafai sun daɗe suna koyar da yadda ake rage mata adadi. Shi matashin fa? Gwajin jininsa ya nuna kiratinin, sinadarin da ake aunawa don sanin lafiyar ƙoda, lafiya lau, kowa ya wuce hankali kwance. Amma zuciyarsa tana harba jini da ƙarfi, an cika shi da ruwa, ƙodarsa tana tacewa fiye da ta mai lafiya, tana zubar da maganin kamar ana zuba ruwa a kwando. Babu ƙararrawar da za ta yi kuka saboda wannan. Zazzaɓi ne kawai zai ƙi sauka, a ce maganin bai karɓe shi ba, a canja wani mai ƙarfi.

Wannan yanayi na ƙodar da ta wuce ƙima, wanda ake auna shi da tacewar da ta haura mililita 130 a minti ɗaya, yana cikin abubuwan da ƙungiyar Birisben ta fito da su fili. Andrew Udy, tare da Lipman da wasu, sun bi majinyata 281 masu kiratinin da ba shi da matsala, suka tarar kusan kashi 65 cikin 100 sun shiga wannan hali aƙalla sau ɗaya a makonsu na farko. A ganina wannan na cikin abin da ya fi amfani a duk aikinsu, domin ya juyo da ido zuwa ga majinyacin da kowa ke ɗauka ba shi da matsalar magani.

Sai dai bayani a kan takarda abu ne, gani da ido wani abu. A 2014 Roberts ya jagoranci wallafa binciken da aka sa wa suna DALI. Tsarinsa ba shi da sarƙaƙiya. A asibitoci 68 cikin ƙasashe 10, an ɗebi jinin majinyata 384 sau biyu, ɗaya a tsakiyar tazarar da ke tsakanin allura da allura, ɗaya a ƙarshenta, aka auna nawa ne ainihin maganin da ke ciki. Abin da ya fito ya girgiza mutane. Tsakanin wani majinyaci da wani, bambancin yakan kai ninki ɗaruruwa. Daga cikin 248 da ake yi wa maganin ciwon da ya riga ya kama su, kashi 16 cikin 100 maganin bai zauna a saman layi ba ko da rabin lokaci, kuma waɗannan damar samun sauƙinsu ta gaza ta sauran da kashi 32 cikin 100. Gani ya kori ji.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. DALI kallo ne kawai aka yi, ba a sauya wa kowa magani ba. Mai ja da shi na iya cewa wataƙila waɗanda maganinsu ya yi ƙasa sun bambanta da sauran ta wata fuska dabam, kuma wannan ja yana da ƙarfi. Hanya ɗaya ce ta raba gardama: a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu magani yadda aka saba cikin minti 30, wasu kuma a ba su adadin nan na yini amma a riƙa ɗiga shi a hankali dare da rana ba yankewa, sannan a ƙirga waɗanda suka rayu. Magani ɗaya, adadi ɗaya, agogo kawai aka sauya.

Haka jerin gwaje-gwajen BLING suka fara, Joel Dulhunty yana kan gaba, Roberts da Lipman suna cikin ginshiƙai. Na farko ƙarami ne, mutum 60, a 2013, kuma ya ba da fata. Na biyu a 2015, mutum 432 a sassa 25, bai nuna wani bambanci ba. A nan mutane da yawa za su tattara kayansu su koma wani batu. Su kuwa sai suka ce idan amfanin ƙarami ne, ƙaramin gwaji ba zai gan shi ba, suka shirya wanda ya ninka shi fiye da sau 15. BLING III ya fara ɗaukar majinyata a 2018 ya kammala a farkon 2023, annobar korona ta ratsa ta tsakiyarsa. Mutum sama da 7,000 masu sefsis, a sassa 104, a Ostiraliya, Niyu Zilan, Birtaniya, Faransa, Beljiyam, Suwidin da Maleshiya. Duk wanda ya san wahalar samun amincewar iyalin da ɗan uwansu ke kan na'ura ya san me wannan adadi ke nufi.

Sakamakon ya fito a JAMA a 2024. Cikin kwana 90, kashi 24.9 cikin 100 na waɗanda aka ɗiga wa magani a hankali suka rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 26.8. Warkewa daga ciwon kuwa, kashi 55.7 da kashi 50. A ido an yi nasara. Sai dai masana ƙididdiga suna da wani ma'auni da ke nuna yadda bambanci irin wannan zai iya fitowa da dace kawai ko da hanyoyin biyu daidai suke, kuma bisa al'ada sai ya gaza 0.05 kafin a ce an tabbatar. A kan mutuwa, BLING III ya tsaya a 0.08. Bayan shekara biyar da mutum dubu bakwai, babbar tambayar ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba, kuma haka masu binciken suka rubuta, ba su yi wa sakamakon kwalliya ba.

A mujallar guda aka wallafa wani nazari da Mohd Hafiz Abdul-Aziz ya jagoranta, wanda ya tattara gwaje-gwaje 18 masu majinyata 9,108, har da BLING III. Da aka haɗa su, yiwuwar cewa tsawaita ba da magani na rage mutuwa ta kai kashi 99.1 cikin 100.

To wanne za a kama? Masana sun rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu tsantseni na cewa ƙa'ida ƙa'ida ce, idan aka fara sassauta ta duk lokacin da sakamako ya yi mana daɗi, gobe za a shigo da abin da ba shi da amfani. Suna kuma tunatar da cewa wani gwaji mai suna MERCY, na meropenem kaɗai, wanda ya fito a 2023, bai ga bambanci ba, sannan tattara gwaje-gwaje kan haɗa manya da ƙanana waɗanda ingancinsu bai zo ɗaya ba. Ni dai na fi karkata ga ɗaya ɓangaren, ga kuma dalilina. Da sabon magani ne mai tsada da ba a san illarsa ba, da na ce a jira. Amma wannan maganin da ke hannu ne, adadin da aka saba, kuma gwajin bai nuna wata ƙarin cutarwa ta a zo a gani ba. Idan bambancin kusan kashi 2 cikin 100 gaskiya ne, ana maganar rai ɗaya a cikin kowane mutum 50 da aka yi wa magani. A ciwon da ke kashe miliyoyi, wannan ba abin da za a ɗaga kafaɗa a wuce ba ne. Tun kafin sakamakon BLING III ya fito ma, jagorar ƙasa da ƙasa ta maganin sefsis ta 2021, wadda Roberts na cikin marubutanta, ta riga ta ba da shawarar tsawaita ba da beta-laktam, ko da yake ta bayyana cewa shawara ce mai rauni.

Akwai wani ɓangare na tunanin Roberts da har yanzu bai samu irin wannan goyon baya ba, kuma adalci ne a faɗe shi. Idan kowane jiki da yadda yake riƙe magani, hankali na cewa a riƙa auna jinin kowane majinyaci ana gyara masa adadinsa, kamar yadda aka daɗe ana yi wa bankomaisin da jentamaisin. Ya yi ta kira ga haka, kuma a 2020 ƙungiyoyin masana sun fitar da matsaya mai goyon bayan auna beta-laktam a jinin masu tsananin ciwo. Amma da aka gwada, gwajin TARGET a Jamus da na DOLPHIN a Holan, duka a 2022, ba su nuna fa'ida bayyananniya a babban abin da suka sa gaba ba. Ana iya kawo dalilai: sakamakon awo kan makara alhali sefsis ba ya jira, sau da yawa ba a san ainihin taurin ƙwayar da ake yaƙa ba, kuma adadin da ke jini ba lallai shi ne ke cikin huhu ko ciki inda ciwon yake ba. Duk dalilai ne masu ma'ana, amma dalili ba hujja ba ne. A wannan fage tsugune ba ta ƙare ba.

Wani abu da ke ƙara wa batun nauyi shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta. Maganin da bai kai ya kashe ba yana share masu rauni ya bar masu tauri su hayayyafa. Alexander Fleming ya yi wannan gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Sababbin magunguna ba sa fitowa da saurin da ƙwayoyin ke koyon kauce musu, don haka iya amfani da na hannu daidai wani nau'in tattali ne. A nan ya kamata in tsaya in ce duk wannan magana ta majinyacin da ke kwance ne ƙarƙashin idon likita da nas da famasist. Ba ta ba mai shan ƙwaya a gida izinin ƙara wa kansa ko raba ta yadda ya ga dama ba.

Idan ana maganar tasirin mai bincike, jami'o'i kan ƙirga maƙaloli da yawan waɗanda suka ambace su, ko su duba wani ma'auni mai haɗa waɗannan biyun da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Suna da amfaninsu, sai dai maƙala na iya samun ambato dubu ba ta sauya komai a bakin gado ba. Abin da na fi dubawa a aikin Roberts shi ne tambayar da ake yi a zagayen safe. A da idan an zaɓi maganin da ya dace da ƙwayar, an gama magana. Yanzu a sassa da yawa sai an ji wani ya ce, ƙodarsa fa, nawa take tacewa? Yana kan wankin ƙoda, na'urar nawa take kwashewa? Wannan ta ƙarshe ma ƙungiyarsa ta bi ta a wani bincike mai suna SMARRT, ta kuma tarar da irin wannan bambanci mai faɗi tsakanin majinyata. Sannan ga abin da ya fi burge ni: sun ɗauki ra'ayin da sunansu ya ginu a kai suka miƙa shi ga gwajin da zai iya rusa shi, har sau uku.

A aikace kuwa, ɗiga magani a hankali yana da nasa sharuɗɗa, kuma a nan ne aikin famasist da nas ke fitowa. Dole a fara da cikakkiyar allura ta farko cikin sauri, domin idan aka fara da ɗigo kawai jini zai ɗauki awanni kafin ya kai layi, kuma awannin farko su ne mafi tsada a sefsis. Meropenem ba ya jure zama a narke, yana lalacewa, musamman idan ɗakin da ɗumi, don haka ba a haɗa na yini guda a rataye, sai a riƙa haɗa sabo bayan 'yan awanni. Fiferasilin ya fi shi juriya. Ana buƙatar na'urar ɗigo da za ta zauna a kan wannan magani kaɗai, da kuma hanyar jijiya da ba za a riƙa tura wasu magunguna ta cikinta ba, domin wasu ba sa jituwa a bututu ɗaya. Majinyacin da ke karɓar magani takwas ko goma a lokaci guda, samar masa wannan hanya ba ƙaramin tunani ba ne. Idan kuma aka ɗauke shi zuwa ɗakin hoto ko tiyata aka tsayar da na'urar, sai wani ya tuna awa nawa ta yi a tsaye, ya yanke ko za a sake ba da allurar farko kafin a ci gaba da ɗigo.